Amboise, garin bakin kogin Loire da nake yi wa zaman wucin gadi

Hanya biyu ce ta jirgin ƙasa ke kai mutum Amboise daga Paris. Mai gaggawa yakan shiga jirgin nan mai gudu da ake kira TGV daga tashar Montparnasse, ya sauka a Saint-Pierre-des-Corps da ke gefen birnin Tours bayan kamar awa ɗaya, sannan ya canza zuwa ƙaramin jirgi wanda zai ƙarasa da shi cikin 'yan mintoci. Ni na fi son ɗaya hanyar, wadda ke tashi daga tashar Austerlitz ta bi ta Orléans da Blois, domin ko da yake tana cin kusan awa biyu, babu wahalar sauke kaya da sake lodawa, kuma kuɗinta yakan fi sauƙi. Tashar Amboise tana arewacin kogi, garin kuwa yana kudu, saboda haka duk wanda ya sauka sai ya tsallaka gada, ya ratsa wani tsibiri da ake kira Île d'Or, kafin ya shiga gari. Daga kan gadar ake fara hango fadar sarakuna a bisa tsauni, gidaje sun yi mata ƙawanya daga ƙasa. Idan kayanka ba su da nauyi, ka taka da ƙafa. Ba ya wuce minti ashirin.

Dalilin zuwana shi ne ɗiyata da mijinta, waɗanda ke aiki a Tours amma suka zaɓi zama a Amboise, tazarar kilomita 25, saboda ya fi natsuwa ga masu ƙananan yara. Nakan zo in yi wasu watanni tare da su, in koma gida, in sake dawowa. Mai irin wannan zama ya san da dokar ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Faransa ke cikinsu, tun kafin ya sayi tikiti: bizar ziyara ba ta ba mutum fiye da kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma lissafin yana tafiya ne kullum, ba ya sabuntuwa don an fita an dawo. Wanda ke son ya wuce haka sai ya nemi bizar dogon zama tun daga ƙasarsa, tare da shaidar inshorar lafiya da wurin kwana da abin da zai ci.

Mutanen garin kimanin dubu 13 ne, amma da rani baƙi sukan cika titunansa har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Galibinsu yini ɗaya suke yi: motar safa ta sauke su da hantsi, su hau fada, su leƙa gidan Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan ɗan Italiya, su sayi tsaraba, kafin la'asar sun kama hanya. Ba na ganin laifinsu, amma garin da suke gani da garin da mazauna ke rayuwa a ciki ba ɗaya ba ne, kuma abin da ya raba su shi ne lokaci. Amboise na tafiya da agogonsa, ba ya sauya shi don baƙo. Kantuna da yawa sukan rufe da tsakar rana, daga ƙarfe 12 ko 12 da rabi zuwa ƙarfe 2, wasu kuma ba sa buɗewa ranar Litinin gaba ɗaya. Gidajen abinci na karɓar masu cin rana tsakanin 12 da 2, sannan su kashe wuta sai ƙarfe 7 na yamma. Wanda yunwa ta kama da ƙarfe 4 sai dai ya nufi gidan burodi. Ranar Lahadi da yamma kusan komai a kulle yake, ban da wuraren da ke cinikin 'yan yawon buɗe ido. Akwai kuma ladabin da ba a sassautawa: ba a shiga kanti a fara tambayar kaya ba tare da an gaida mai shi ba, kuma idan an fita a yi sallama. Bahaushe ba ya bukatar a koya masa wannan, ya dai riƙe abin da ya taso da shi.

Kasuwa na ci sau biyu a mako a bakin kogi, Juma'a da Lahadi da safe, ta Lahadi ita ce babba, kuma tana watsewa da misalin ƙarfe 1 na rana. A nan manoman karkara ke kawo kayan lambu da 'ya'yan itace gwargwadon lokacinsu, da zuma, da kifi, da cukun madarar awaki na yankin, mai suna Sainte-Maure de Touraine, wanda ake gane shi da tsinken kara da aka soka masa a tsakiya daga wannan kai zuwa wancan. Ba a taɓa kaya da hannu sai mai shi ya ba da izini, ba a kuma yin tayi; farashin da ke rubuce shi ne farashi. Musulmi ya yi hattara da abubuwa biyu da yankin ke alfahari da su, rillettes da rillons, domin dukansu naman alade ne, kuma akan miƙa wa mai wucewa ya ɗanɗana. Haka nan miya da yawa a gidajen abinci ana haɗa su da giyar inabi, don wannan ƙasa ce ta gonakin inabi, sai a tambaya kafin a yi oda. Naman halal da sallar Juma'a Tours muke zuwa. Ruwan famfo kuwa ana sha, kuma a gidan abinci kyauta ake kawo shi a tulu idan an nema.

Fadar ita ce ta fi cancantar a ba ta lokaci. A cikinta aka haifi Sarki Charles na 8 a 1470, a cikinta kuma ya rasu a 1498, bayan ya buga kansa a kan dogarin wata ƙofa yana hanyar zuwa kallon wasa, yana da shekara 27. Sarki François na 1 ya yi ƙuruciyarsa a nan, shi ne kuma ya gayyato Leonardo da Vinci daga Italiya a 1516, ya ba shi gidan Clos Lucé da ke tazarar kamar rabin kilomita. Leonardo ya zauna a gidan har ya rasu a ranar 2 ga Mayu 1519, kuma kabarin da ake dangantawa da shi yana cikin ƙaramar majami'ar Saint-Hubert a harabar fadar. Nan jama'a ke yin cincirindo.

Ni kuwa ƙafata takan kai ni can ƙarshen lambun fadar, inda mutane ba su cika tsayawa ba. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, wanda ya shekara 15 yana yaƙar mamayar Faransa, ya ajiye makami a Disamba 1847 bisa alkawarin za a bar shi ya tafi ƙasashen gabas. Ba a cika alkawarin ba. Aka tsare shi a Toulon, aka mayar da shi Pau, daga nan aka kawo shi Amboise a Nuwamba 1848 tare da iyalinsa da mabiyansa, maza da mata da yara. Sanyi da danshin ginin dutse da cuta suka yi musu ɓarna, mutum 25 daga cikinsu suka rasu a nan, aka binne su a harabar fadar. Sai a Oktoba 1852 Louis-Napoléon, shugaban Faransa na lokacin, ya zo da kansa ya sanar da shi an sake shi. Ya tafi Bursa a ƙasar Turkiyya, daga bisani ya zauna a Dimashƙa, inda a 1860 ya ba dubban Kiristoci mafaka lokacin da aka far musu. A 2005 wani mai zane ɗan Aljeriya, Rachid Koraïchi, ya tsara lambun tunawa a wurin kaburburan, duwatsu 25 masu rubutun Larabci, kowane da sunan mamaci, da layin tsirrai da ke nuna alƙibla. Duk Musulmin da ya hau fadar ya dace ya ƙarasa can ya yi musu addu'a. Maganar Abdulƙadir ba ta mutu a Faransa ba: a Fabrairu 2022 an lalata wani mutum-mutuminsa na ƙarfe da aka kafa a bakin kogi tun kafin a yi bikin buɗe shi, aka gyara shi, yana nan har yanzu.

Hanyar da ke zuwa Clos Lucé daga ƙasan fada, titin Victor Hugo, tana da abin kallo na kanta. Dutsen yankin fari ne mai laushi, shi aka sassaƙa aka gina fadoji, ramukan da aka bari kuma mutane suka mayar gidaje, ƙofa da taga a fuskar tsauni, bututun hayaƙi ya ɓullo ta sama cikin ciyawa. Har yau akwai masu zama a ciki. A Clos Lucé an ƙera injinan da Leonardo ya zana, an baza su a lambu, yara na iya juya wasu da hannu. Jikokina sun fi son nan a kan fada nesa ba kusa ba. Da rani a je da zarar an buɗe, kafin motocin safa su iso.

Kogin Loire shi ne mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita dubu, kuma tun shekarar 2000 UNESCO ta sa wannan ɓangaren kwarinsa cikin kayan tarihin duniya. Da rani yakan janye ya bar tudun yashi, sai ya yi kama da gulbin da yaro zai iya tsallakewa, amma yashin na zaftarewa, ruwan kuma na da ja a ƙarƙashi, shi ya sa aka hana wanka a cikinsa. Hanyar keke ta bi gaɓarsa, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ana samun hayar keke a gari.

Yanayi ma yana da nasa hukunci a kan mai sallah. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, isha'i ta yi nisa, asuba kuma ta yi sammako ƙwarai, barcin da ke tsakani ɗan kaɗan ne. A Disamba kuwa magariba na yi jim kaɗan bayan ƙarfe 5. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Faransa na gaba da na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, da hunturu kuma su daidaita. A ganina Mayu da Satumba sun fi kowane lokaci daɗi. Wanda zai kama haya da hunturu ya tambayi irin na'urar ɗumama ɗaki da kuɗin da take ci, domin tsofaffin gidajen dutse na riƙe sanyi.

Daga cikin fadojin da ke kewaye, Chenonceau ce ta fi kusa da raina, kilomita 12 kudu da gari, an gina ta a kan kogin Cher, da dogon zaure mai tsawon mita 60 wanda ya ratsa ruwan daga gaɓa zuwa gaɓa. A yaƙin duniya na farko asibiti aka mayar da zauren, a na biyu kuma kogin ne iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, aka riƙa tsallakar da mutane ta ƙofarsa ta kudu. Tashar jirginta tana dab da ƙofar shiga, amma layinta daban ne da na Amboise, sai an koma Saint-Pierre-des-Corps an canza, abin da ke ninka tafiyar sau da yawa. Mai ƙarfin ƙafa ya hau keke ya ratsa dajin Amboise, wanda ba shi da shi kuma ya yi wa mai tasi waya tun daren jiya, ya kuma shirya da shi lokacin dawowa, domin a ƙauyen ba a tsayar da tasi a bakin hanya.