Tsohon lens a bakin kyamarar da ba tasa ba

Gyaran kyamara nake yi, kuma yawancin abin da ke ci da shagon yanzu na dijital ne. Sai dai 'yan shekarun nan samari sun sake waiwayar fim. Wani ya tono Zenit ɗin da kawunsa ya dawo da ita daga karatu a Tarayyar Sobiyet, wani ya sayi Pentax ko Yashica a hannun tsohon mai hoto da ya rufe shago. Sau tari sai a tarar jikin kyamarar ya mutu, lens ɗin yana nan garau, sai a yi odar adafta a ɗaura shi a wata kyamarar. An wanke fim, hotuna sun fito dishi-dishi, an taho wurina: "Baba, lens ɗin nan ya lalace." Galibi lafiyarsa lau.

Kafin in kwance ko da noti ɗaya, tambayar da nake yi ita ce lens ɗin na wace kyamara ne, kuma a wace aka ɗaura shi. Kowane kamfani yana da tazarar da ya tsayar tsakanin bakin kyamara da inda fim ke kwanciya. Ta Nikon milimita 46.5 ce. Ta M42, wato mai murɗawa irin na Zenit da Praktica, 45.46. Canon EOS 44, Minolta ta da 43.5, tsohuwar Canon FD kuwa 42. Idan tazarar lens ta fi ta kyamara, adafta ta samu wurin zama, sai ta cike giɓin. Idan ta gaza, ba dabarar da za ta yi, don ba ƙarfen da kaurinsa ya gaza sifili. Shi ya sa EOS ke karɓar lens ɗin Nikon da na M42 salin alin, ita kuwa Nikon kusan ba ta karɓar na kowa.

Milimita ɗaya da ke tsakanin Nikon da M42 kamar ba komai ba. Amma ɗaura Helios mai milimita 58, lens ɗin M42 da ke zuwa da Zenit, a kan Nikon FM ka gani: saitinsa da ƙyar ya wuce mita 3, in ka ƙara kaurin adaftar ma ba zai kai nan ba. Fuskar amarya za ta fito tar, masallacin da ke can bayanta ba zai taɓa fitowa ba. Lens mai faɗin gani, irin mai milimita 28, abin ya fi muni, ko mita ɗaya ba ya cikawa. Akwai adafta mai ɗan gilashi a ciki da ake sayarwa don magance wannan. Tana maido da nesa, gaskiya ne, amma tana kashe kaifin hoton, musamman in an buɗe ƙofar haske duka. Ni ba na ajiye ta a shago.

Mai dijital yana ɗauka ya duba nan take. Mai fim sai ya ƙona hoto 36 da kuɗin wanki kafin ya san halin da yake ciki, ga fim ya yi tsadar da ba a wasa da shi. Don haka gwajin a kan tebur nake yin sa. In buɗe bayan kyamara, in manna ɓantaren takarda mai shara-shara da salatif a kan layukan ƙarfen da fim ke bi, in kai saurin ɗauka kan B don labulen ya tsaya a buɗe. Sai in juya kyamarar ta fuskanci ƙarfen sabis da ake hangowa daga ƙofar shago, in murɗa lens zuwa alamar nesa mai kama da takwas a kwance, in sa gilashin ƙara girma in leƙa takardar. Idan sandunan ƙarfen sun fito siri-siri a takarda amma a mahangi ba su fito ba, laifin madubi ne ko allon saiti, wataƙila sun goce. Idan duka biyun hazo ne, adafta ce. Yaron shagona ya iya wannan gwajin tun kafin ya iya riƙe sukudireba da kyau.

Wadda ta fi kawo gardama ita ce M42 a kan Pentax K1000. Tazararsu ɗaya ce cif, 45.46, saboda haka adaftar kirki dole ta nutse cikin bakin kyamarar, ba ta barin ko tudu. Masu arhar nan masu leɓe a waje sun fi sauƙin cirewa, amma leɓen ne ke cinye nesa. Sai kuma maganar ɗan fil ɗin da ke bayan lens. A kyamararsa ta asali akwai abin da ke danna shi lokacin ɗauka don ƙofar haske ta tsuke. A baƙuwar kyamara ba mai danna shi. Mutum ya sa ƙofar haske a f/8 don ta tsuke, lens yana wangame, hoton rana ya fito fari fat. Wanda ke da maɓallin A da M, a mayar da shi M, wato na hannu, magana ta ƙare. Helios 44-2 ba shi da fil ɗin ma sam, zobe ne kake murɗawa da hannu. Shi kuwa 44M-4 yana da fil amma ba maɓalli, sai na buɗe bayansa na tokare fil ɗin a danne, ta yadda za a iya warwarewa daga baya. Masu ɗiga masa gam, Allah ya shirye su.

Daga nan sai koyar da hannu, don kyamara ba ta san abin da aka ɗaura mata ba. A saita a buɗe, a tsuke, a duba allurar mitar haske, sannan a ɗauka. In rabin da'irar tsakiyar mahangi ya yi baƙi bayan an tsuke, ba lalacewa ba ce, haske ne ya yi masa kaɗan.

Akwai haɗin da nake ƙi ko nawa za a biya. Lens ɗin Nikon na kafin 1977 da ba a gyara gindinsa ba yana iya lanƙwasa ɗan kunnen mitar hasken Nikon FM2, don nata ba ya naɗewa kamar na FM. Wasu lens ɗin Ricoh suna da fil da ke faɗawa ramin injin saiti na Pentax masu saita kansu, ya maƙale, sai an zura siririn ƙarfe ana lallashi. A kan EOS ta fim kuma, wasu lens ɗin gindinsu na shiga ciki har madubi ya doke shi, shi ya sa nake ɗaga madubin a hankali in gani kafin kowa ya danna.

Kwanan baya wani saurayi ya kawo lens ɗin Canon FD guda biyu na mahaifinsa, yana so su hau Nikon. Ya ce, "Baba, ko nawa ne ka yi min." Na ce, "Ɗana, milimita huɗu da rabi ce tsakaninku, ba ni da inda zan samo maka ita. Riƙe kuɗinka ka nemi jikin Canon AE-1." Kuɗin dubawa kawai na karɓa. Da ya samo, na canja mata soson bakin murfi da ya narke ya zama danƙo, na sa mata batir, ya ɗaura lens ɗinsa ba adafta.