Ba duk wanda ya faɗi ne ke neman ruwa ba

Aikina jinya ne a sashen taimakon gaggawa, amma idan an shirya gasar gudun famfalaki akan ɗebi wasunmu a kai rumfar lafiya, wadda ake kafawa a bakin hanya ko a bayan layin ƙarshe. Abokan aiki suna ɗaukar ranar hutu ce, wai ai masu lafiya za a duba, mutanen da suka fi mu ƙarfi nesa ba kusa ba. Ni kuwa a rumfar nan na koyi abin da shekarun asibiti ba su koya mini ba, kuma kusan duk a kan ruwa ne.

Yadda muka taso, in mutum ya yanke jiki ya faɗi, kafin a tambayi me ya same shi an yayyafa masa ruwa, an tallafo kansa an kafa masa kofi a baki. Baƙo ma ruwa ake fara ba shi. Likitan da ke jagorantar rumfarmu, dattijo ne mai ƙarancin magana, dokarsa ta farko ita ce kada a ɗura wa kowa komai sai an san abin da ya kayar da shi. Mutum huɗu za ka gani kwance a jere, duk sun galabaita, duk idanu sun juye. Ɗaya jini ne ya taru masa a ƙafa, ɗaya sukarinsa ya sauka, ɗaya zafi ke dafa shi, na huɗun kuma ruwa ne ya yi masa yawa. Abin da zai tayar da wannan yana iya ƙarasa wancan.

Tambayar da ya koya mana mu fara yi wa masu ɗauko mutum ita ce: a ina ya faɗi? Wanda ya tsallake layi da ƙafarsa sannan ya zube, galibi ba abin tashin hankali ba ne. Yana cikin gudu tsokar ƙafa ce ke tura jini sama zuwa zuciya, da ya tsaya cak sai jinin ya kwanta ƙasa, jiri ya ɗebe shi. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, nan da ɗan lokaci za ka ji yana tambayar ina lambar yabonsa. Wanda ya faɗi a tsakiyar hanya yana cikin gudu, shi ne ake rugawa a kansa.

Batun yawan ruwa shi ya fi ba ni mamaki. Gishirin sodiyam da ke cikin jinin mai lafiya yana tsakanin 135 da 145 a ma'aunin da muke amfani da shi. Mai dogon gudu yana zubar da gishiri ta gumi, kuma a wannan hali jikinsa kan saki sinadarin da ke hana ƙoda fitar da fitsari. In ya yi ta kwankwaɗar ruwa a kowane zango, ruwan ba shi da mafita, sai ya tsinka jinin. Daga nan ya shiga ƙwayoyin jiki su kumbura, ita kuwa ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai, ba ta da wurin buɗawa. Ciwon kai, amai, ruɗewa, jijjiga, wani lokaci har rai ya yi halinsa. Tashin hankalin shi ne alamomin farko sun yi kama da na wanda ƙishirwa ta kayar, don haka mai tausayi sai ya ƙara masa ruwa, ma'aikacin da ya yi gaggawa kuma ya rataya masa ƙarin ruwa.

Farfesa Tim Noakes na Afirka ta Kudu ne da abokan aikinsa suka fara bayyana wannan a rubuce a 1985, kuma labarin ya faro ne daga gasar Comrades, tseren kusan kilomita 90 tsakanin Durban da Pietermaritzburg. Daga baya aka gwada jinin mutum 488 da suka kammala gudun Boston na 2002 a Amurka, aka tarar kashi 13 cikin ɗari gishirinsu ya sauka ƙasa da kima. A gasar ta wannan shekarar wata matashiya, Cynthia Lucero, ta rasu ta wannan hanya. Binciken ya nuna waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu ɗaukar sama da awa huɗu a hanya, da waɗanda nauyinsu ya ƙaru a lokacin gudun. Zakarun da ke gaba ba su da lokacin tsayawa su sha. Na baya, masu bi a hankali suna kiyaye duk shawarar da aka ba su, su ne abin ke kamawa. Kuma lemon 'yan wasa da ake tallatawa bai kare waɗanda suka sha shi ba, domin gishirin cikinsa bai kai na jini ba.

Akwai wata baiwar Allah da aka kawo mana da ƙafarta, tana dafe da kai, ta yi amai fari tas kamar daga famfo. Likita bai taɓa ma'auni ba tukuna, hannunta ya kama. Zoben aurenta ya nutse cikin yatsa, igiyar agogonta ta yi shata a wuyan hannu.

"Hajiya, da safe haka zoben nan yake?"

"A'a Likita, har juyawa yake yi. Wallahi ban yi wasa da ruwa ba, duk inda aka miƙo sai na karɓa."

Ya juyo gare ni. "Sista, ɗauke robar nan daga gabanta."

Romo mai gishiri aka ba ta kaɗan-kaɗan, aka zauna ana dubanta har fitsari ya zo. Da ta kai ga ruɗewa, sai an yi mata allurar ruwan gishiri mai kauri, na kashi 3 cikin ɗari, ta jijiya. Tun daga ranar idona kan fara sauka a kan yatsu.

Abin dariya, in da abin dariya a ciki, shawarar masana ce ta yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. A gasar Olamfik ta 1904 a St. Louis ta Amurka da gangan aka taƙaita wa masu gudu ruwa cikin zafi da ƙura, mutum 32 suka tashi, 14 suka kai. Bayan shekaru aka dawo ana cewa a sha tun kafin a ji ƙishi, a sha iya iyawa. Yanzu magana ta koma inda kowace kaka za ta ajiye ta: in ka ji ƙishirwa ka sha, in ba ka ji ba ka wuce.

Zafi kuma nasa hukuncin daban, shi ba ya jira. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 kuma hankali ya fara gushewa, ana so a sauko da shi cikin rabin awa. Ma'aunin hammata ko na goshi yaudara yake yi a jikin da ya jiƙe da gumi, dole sai ta dubura, shi ya sa nake tafiya da zannuwa don yin labule. Maganin kuwa baho ne cike da ruwa da ƙanƙara, a tsoma mutum har wuya ana motsa ruwan. A garin Falmouth na Amurka ana wani tsere na kusan kilomita 11 a watan Agusta, an bi bayanan shekara 18 aka sami mutum 274 da zafi ya buge, duk an tsoma su nan take, ko ɗaya bai mutu ba. Wahalar a wurinmu ita ce 'yan'uwa. Suna ganin motar asibiti a tsaye, mu kuma muna jiƙa musu ɗan'uwa a baho, sai su ga kamar wasa muke da rai. Alhali mintunan da zai yi a cunkoson hanya cikin motar nan su ne za su lalata masa hanta da ƙoda.

Rana ba ita kaɗai ce abin tsoro ba. A Doha ta ƙasar Qatar a 2019 tsakar dare aka tashi gudun famfalaki na mata a gasar duniya, duk da haka cikin 68 guda 40 ne suka kai, saboda iska ta cika da laima, gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki. Wanda ya saba atisaye a sanyin Jos ya sauka Legas ana gobe gasa, jikinsa bai san wannan ba, yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba.

Abin da har yanzu yake yi mini nauyi shi ne tsayar da mutum. Ya yi watanni yana shiri, ya biya kuɗin mota da masauki, saura kilomita kaɗan, kai kuma ka ce ya zauna. Zai rantse lafiyarsa ƙalau, kuma da gaske yake, domin ƙwaƙwalwar da za ta gaya masa ba lafiya ita ce ta fara taɓuwa. Idan na ga mutum mai ladabi ya fara zagi, ko yana gudu yana karkacewa, ko na tambaye shi sunan garin da muke ya tsaya tunani, ba na neman yardarsa. Masu shirya gasa ma haka ya kamata a yi da su. A watan Mayun 2021 a lardin Gansu na ƙasar Sin, ƙanƙara da iska suka rufe masu tseren kilomita 100 a kan dutse, da yawansu daga su sai gajeren wando da 'yar riga. Cikin 172, mutum 21 sanyi ya kashe, har da Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen ƙasar. Wani makiyayi ne ya ceci shida a kogon da yake fakewa. Rigar kare iska ba ta cikin kayan da aka wajabta, kuma kafin a dakatar da tseren aikin gama ya gama.

Shi ya sa yanzu in aka kira ni aikin gasa, kafin zancen alawus nakan tambayi ƙanƙara nawa aka tanada da inda za a ajiye ta kada ta narke kafin hantsi, da wanda ke da ikon cewa a tsaya ko da manyan baƙi sun riga sun zauna. Ƙanƙarar akan samu. Wanda muke ta ja da su a kai shi ne sikeli: a auna kowa da safe a rubuta nauyinsa a bayan lambar ƙirjinsa, yadda in an kawo shi za mu san ko ya ragu ko ya ƙaru. Kullum amsar ita ce layi zai yi tsawo.