Asabar, da rigimar littafin Batlimus

Yau ba makaranta, kuma tun hantsi aka ɗauke wuta, sai na shimfiɗa tabarma a zaure ina haɗa darasin tarihin ilimin taurari da zan yi wa ɗalibai ranar Litinin. Mutum ɗaya ya cinye mini wunin: George ɗan Trebizond, Bagirke haifaffen tsibirin Kirit.

Yana cikin malaman da Fafaroma Nicholas na 5 ya tara a birnin Roma, yana biyansu suna juya littattafan Girkanci zuwa Latin. A 1451 George ya fassara Almajisti, babban littafin Batlimus, masanin taurari na zamanin da, kan tafiyar rana da wata da taurari. Kafin nan Turawa na Gerard ɗan Cremona suke karantawa, wanda aka ɗauko daga Larabci a Toledo wajen 1175. George bai tsaya ga fassara ba, ya ɗora dogon sharhi, sharhin kuwa shi ya jawo masa. Aka ba wani malami ya duba, ya zaƙulo kurakurai, fafaroma ya juya masa baya. A 1452 har dambe suka yi da Poggio, ɗaya daga sakatarorin fada, aka tsare shi, da ya fito ya nufi Naples wurin Sarki Alfonso. Daga baya ya riƙa yawo da aikin fada zuwa fada. Ya sadaukar da shi ga Sultan Muhammad na 2, wanda ya ci Kustantiniyya, ya kuma miƙa wa Matthias, sarkin Hungary.

Bayan azahar Kawu ya leƙo ya tarar ina dariya ni kaɗai. Da na ba shi labari ya ce, "To ai wannan maroƙi ne, alƙalami kawai ya riƙe maimakon kalangu."

Na ce, "Kawu, a yi masa afuwa, yana da iyali." Kuma har zuciyata haka nake gani. Masu mulkin nan suna da zinariya da son suna, amma wane sarki ne zai zauna ya bi lissafin kewayen taurari ya gane inda aka kauce? Wanda ya raɗa masa a kunne shi ke yanke wa malami hukunci.

Gyaran ma daga ƙiyayya ya fito. Kadinal Bessarion, wani babba a cocin Katolika da ba sa ga maciji da George, ya je Vienna a 1460 ya roƙi masanin taurari Peurbach ya taƙaita Almajisti yadda za a fahimta. Peurbach ya rasu a 1461 yana kashi na shida cikin 13, almajirinsa Regiomontanus ya ƙarasa. An buga shi a Venice a 1496, Copernicus ma, wanda ya ce duniya ce ke kewaya rana, ya amfana da shi sosai. Shi Regiomontanus ɗin ya koma Hungary a 1467, ya yi aiki a ƙasar Sarki Matthias, ya kuma rubuta littafi guda sukutum yana bin sharhin George yana rusawa.