Ranar da inji ya tsaya minti hamsin yana kallona

Shagon da nake aiki yana Agege, ba nisa da layin dogo. Ƙofofi muke sassaƙawa da allunan talla, katakon kuma daga Mushin ake kawo mana. Injuna biyu ne kwamfuta ke tuƙa su. Babban yana aiki da manhajar Grbl a kan ɗan allon lantarki mai suna Arduino Uno, ƙaramin kuma da Marlin. Dukansu buɗaɗɗun manhajoji ne, kowa na iya sauke su kyauta, ya karanta cikinsu, ya gyara.

Tun ina sabon shiga na san 'yan uwa ne. In ka buɗe fayilolin Marlin, a can sama za ka ga an rubuta cewa a kan Grbl da wata manhaja mai suna Sprinter aka gina ta, da shekarar 2011. Sashen da ke lissafa yadda inji zai ɗauki gudu ya kuma rage kafin kwana, daga Grbl aka aro shi. Wannan ne ya ruɗe ni. Na ɗauka tunda jini ɗaya ne, duk abin da ya shiga ɗaya zai shiga ɗayan.

Wata Asabar aka kawo ƙofar masallaci, ana so kafin la'asar. Babu wuta, janareta muka tayar. Na kwafo 'yan layukan fara aiki daga ƙaramin inji na liƙa wa babban. A ciki akwai G4 P3000, umarnin da ke cewa a dakata har bakin yanka ya gama ɗaukar gudu. Na danna. Baki yana juyawa, inji ko motsi. Na taɓa waya, na leƙa bel, na hura ƙurar katako daga allon. Maigidana ya leƙo ya ce, "Kai yaro, man nan da kuɗin wa aka saye shi?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, yanzu zai tashi." Sai da aka yi minti hamsin cif ya zabura da kansa.

Daga baya na gano dalili. A wurin Marlin, lambar da ke bin P kashi ɗaya ce cikin dubu na daƙiƙa, wato 3000 daƙiƙa uku ke nan. A wurin Grbl kuwa, haka ma LinuxCNC, wata manhajar tuƙa injuna, cikakkun daƙiƙoƙi ne. Allah ma ya rufa asiri ba juyin haka na yi ba. Da P3 na kai wa Marlin, da bakin ya caka cikin katako tun bai ɗauki gudu ba. Iyakar gudu ma haka take: Grbl na auna ta da milimita a minti, Marlin a daƙiƙa.

Tun ranar na daina aron layi ban san gidan da ya fito ba. Na sayi littafi, duk abin da na kwafo ina rubuta daga wace manhaja, wane bugu, da irin lasisinsa. Lasisin ba wasa ba ne: abin da aka ɗaure da bugu na biyu kaɗai na GPL, lasisin buɗaɗɗun manhajoji, ba ya haɗuwa da na bugu na uku, ko da marubutan aminai ne.

Inda na fi jin jiki shi ne gyaran da na yi na ɓoye a kwamfutata. Na taɓa daidaita yadda inji ke komawa mazauninsa na farko, ban aika wa kowa ba, a ganina wa zai saurari mai sassaƙa daga Agege. Da muka koma allo mai ƙarfi da grblHAL, wata manhaja da ta samo asali daga Grbl, gyaran ya bi ruwa, na kwana biyu ina lalubo abin da ni na rubuta da hannuna. Manyan ma suna fama da wannan. Manhajar Machinekit ta ɓalle daga LinuxCNC a 2014, kuma gyaran da aka yi a ɗaya ba ya tsallakawa ɗayar sai wani ya ɗauka ya kai.

Makon jiya ƙanena da ke koyon aiki ya zo da waya a hannu, ya ce, "Yaya, na samo wasu layuka, in saka?" Na miƙa masa littafin da biro, na ce ya fara nemo mini ma'anar P a wurinsu.