Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Darasin Wariya a Wurin Aiki da Lissafin Raba Daidai

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar wannan tarihi. Makon jiya mun tsaya a shigarmu aji huɗu na karatun lauya. Yau darasi guda zan ɗauka, dokar ƙwadago, a cikinta ma ɓangaren wariya wajen aiki, domin shi ne abin da aka fi tare lauya da shi a Bauchi da Gombe, ko a wurin ɗaurin aure: "Barista, an hana yaron nan aiki, ba abin da za a yi?"

Darasin ya doru ne a kan sassa biyu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 waɗanda a karatun farko za ka ga kamar ba sa jituwa. Sashe na 42 ya hana a tauye ɗan Najeriya, ko a ba shi wani gata, saboda al'ummarsa, ƙabilarsa, asalinsa, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Sashe na 14(3) kuma ya ce a ƙirga asalin nan, kada 'yan wasu jihohi ko ƙabilu ƙalilan su cika ma'aikatun tarayya. Ɗalibin da ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya ba ya tsallake jarrabawa, balle ya tsaya gaban alƙali.

Sashe na 42 yana da giɓi fiye da yadda ake zato. Lafazinsa a kan doka yake magana, ko matakin da gwamnati ta ɗauka. To mai gidan burodi a Wunti fa, ko mai makarantar kuɗi a Tumfure? Lauyansa zai miƙe ya ce sashen bai shafe shi ba. Sannan a jerin abubuwan da ya lissafa babu shekaru, babu naƙasa. Shi ya sa banki zai buga talla ya ce kada mai nema ya haura shekara 26, alhali yaron da yajin aikin malaman jami'a ya riƙe bai fito ba sai da 28, kuma da wuya ka kama bankin da wannan sashe. Ƙaramin sashe na 3 ma ya ce dokar da ta gindaya sharuɗɗan naɗa mutum muƙamin gwamnati, ko shiga soja da ɗan sanda, ba ta rushewa don wannan kaɗai. Sashe na 17 ya yi maganar albashi ɗaya ga aiki ɗaya ba tare da duba jinsi ba, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu ta tilasta shi. Dokar Ƙwadago ta 1971 kuwa kariyarta ta tsaya ga leburori da masu aikin akawu. Manaja da injiniya da akanta ba sa ciki. Abin da ta ba mace mai ciki shi ne hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 tana aikin, kuma ba a korarta a lokacin hutun.

Gyara na uku da aka yi wa kundin a 2010 ne ya sauya lamarin. Sashe na 254C ya miƙa wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa duk wata ƙara ta wariya ko cin zarafin mata a wurin aiki, ya kuma ba ta ikon aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da Najeriya ta amince da su. Biyu ne ɗalibi ba ya rabuwa da su: Yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan daidaiton albashi, wadda Najeriya ta amince da ita a 1974, da ta 111 kan wariya, a 2002. Ta nan ake kamo kamfani mai zaman kansa. Tsohuwar ƙa'idar da aka gada daga Ingila, cewa ubangida na iya sallamar yaronsa da dalili ko ba dalili, wannan kotu ta yi ta sassauta ta. A Janairun 2023 reshenta na Akure ya rushe ƙa'ida ta 127 ta 'yan sanda, wadda ke korar 'yar sandar da ta yi ciki ba aure, saboda babu irinta a kan maza. Sai dai a kula: lauyan da ke son dogaro da kyakkyawar al'adar ƙwadago ta duniya dole ya rubuta ta a takardar ƙara ya kuma kawo hujjarta. In ya bari sai a jawabin ƙarshe, ya makara.

Inda darasin ya fi nauyi shi ne hujja. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'ar Musulunci ya san hujja tana kan mai da'awa, kuma Dokar Shaida ta 2011 haka ta ce a sashe na 131. Matsalar ita ce babu ubangidan da zai rubuta "mun sallame ki don kina da ciki". Zai rubuta "ba a buƙatar aikinki". Don haka ake koyar da tsarin da Kotun Ƙolin Amurka ta shimfiɗa a 1973 a shari'ar kamfanin McDonnell Douglas. Hukuncin Amurka ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma yana koya wa ɗalibi yadda ake jera hujja. Mai ƙara zai fara nuna cewa yana cikin rukunin da doka ta kare, ya nemi aikin kuma ya cancanta, an ƙi shi, gurbin kuma ya ci gaba da zama a buɗe ana neman mai irin takardunsa. Daga nan kamfani zai faɗi halastaccen dalilinsa. Sai nauyi ya dawo kan mai ƙara ya nuna cewa dalilin fakewa ce da guzuma don a harbi karsana.

A wannan mataki na uku yawancin ƙararraki ke mutuwa, kuma abin da ke kashe su ɗaya ne: rashin abokin gwaji. Ɗauki malamar makarantar kuɗi da aka sallama mako biyu bayan ta sanar tana da ciki, aka ce makara take yi. Lauyanta sai ya samo wani malami mai mataki ɗaya da ita, ƙarƙashin shugaba ɗaya, wanda littafin sa hannu ya nuna ya fi ta makara amma yana nan. In ya kawo mai gadi ko mataimakin shugaba, za a ce ba tsaranta ba ne. Za a kuma buƙaci takardar ɗaukar aiki, littafin ƙa'idojin ma'aikata, takardun albashi, takardun auna ƙwazo na shekarun baya, da duk takardar tuhuma da amsar da ta bayar. Saƙon WhatsApp hujja ce, amma sai an haɗa shi da takardar shaidar da sashe na 84 na Dokar Shaida ya nema kan wayar da aka ciro shi. Mutane kuma da hannunsu suke ɓata ƙararsu: a ajiye aiki cikin fushi, ko a sa hannu a takardar cewa an karɓi haƙƙi ba sauran magana. Idan ma'aikatar gwamnati ce, a shigar da ƙara cikin wata 3, domin lauyoyinta za su ɗago dokar kare jami'an gwamnati. Kotuna sun yi ta saɓani kan ko dokar ta shafi kwantiragin aiki, amma mai hankali ba ya jiran ya zama shi za a gwada da shi.

Akwai wariyar da ba ta buƙatar mugun nufi. A shari'ar Griggs ta 1971 a Amurka, kamfanin lantarki na Duke Power ya sa sharaɗin takardar sakandare da jarrabawa ga ayyukan da ba su buƙace su ba, sharaɗin ya zubar da baƙaƙen fata, kotu ta ce haramun ne ko da kowa aka ɗora wa. A 1978 hukumomin Amurka suka fito da ma'aunin kashi huɗu cikin biyar, wato kada kason da aka ɗauka daga wani rukuni ya gaza kashi 80 cikin 100 na kason rukunin da aka fi ɗauka. Misali: maza 100 sun nema an ɗauki 60, mata 50 sun nema an ɗauki 20. Kashi 60 ke nan da kashi 40. Raba 40 da 60, za ka sami kusan kashi 67, ƙasa da 80, don haka sai kamfani ya yi bayani. Ba dokarmu ba ce, amma sashe na 42 ya ambaci wariyar da ke fitowa wajen aiwatar da doka, don haka ƙofar a buɗe take.

Sai rabi na biyu, ɗaga waɗanda aka bari a baya. A Amurka abin ya faro da umarnin Shugaba Kennedy na 1961 da na Johnson na 1965, kuma kotunansu ba su yarda da ware kujeru da lamba a jami'a ba tun 1978. A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a Janairun 2025 kuma aka soke umarnin Johnson. Namu daban ne ƙwarai. Kwota a cikin kundi take tun 1979, aka kafa mata Hukumar Raba Daidai a 1996, kuma jihohi take ƙirgawa. Ƙa'idar hukumar ta ce kowace jiha kada ta gaza kashi 2.5 kada ta haura kashi 3 na ma'aikata, Abuja kashi 1. Ma'aikata mai mutum 1,000 ke nan, Bauchi tana da 25 zuwa 30, Gombe ma haka, duk da Bauchi na da ƙananan hukumomi 20, Gombe 11. Kafin a cire Gombe a Oktoban 1996, kaso ɗaya ne na su biyun. A jami'o'in tarayya kuwa kashi 45 na gurabe na cancanta ne, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da ke baya a ilimin boko, Bauchi da Gombe duk suna ciki.

A ganina tsarin ya yi amfani, domin ba don shi ba da wasu ofisoshin Abuja ba za ka ji sunan Misau ko Kaltungo a cikinsu ba. Amma ba talauci yake aunawa ba. Ɗan babban sakatare da ya tashi a Maitama, da ɗan manomin da ya yi karatu a ƙauyen Ningi, in jiharsu ɗaya ce, takardar indijin ɗaya suke riƙe da ita, gurbi ɗaya suke nema, kuma kowa ya san wanda zai fara jin labarin gurbin. Sashe na 318 na kundin ya ɗora asali a kan iyaye da kakanni, don haka wanda aka haifa a Bauchi ya shekara 40 yana biyan haraji, in kakanninsa baƙi ne, sai ya koma garin da bai sani ba neman takarda. Matar aure ma a lissafin tarayya jiharta ta asali ake ƙirga mata, ba ta mijinta ba. 'Yar Gombe da ke aure a Bauchi takan ji a nan an ce baƙuwa ce, a can an ce ta tafi.

Mata da masu buƙata ta musamman nasu lissafin daban. Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5. Kashi 35 na mata daga manufar jinsi ta 2006 ya fito, kuma a Afrilun 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta aiwatar da shi wajen naɗe-naɗe. Duk waɗannan alƙaluma sun dogara ne da a tallata gurbi kowa ya gani. Idan ma'aikata ta nemi a yafe mata talla ta ɗauki mutane a ɓoye, babu mai nema da aka ƙi, saboda haka babu mai ƙara. Wannan na cikin abin da kwamitin Majalisar Wakilai ya tono a 2023 lokacin binciken sayar da guraben aiki.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga aji biyar da rubutun kundin kammala digiri.