Takardar auren Gwaggo

Yau na raka Gwaggo ofishin CNPS, wato hukumar fanshon ma'aikata ta Kamaru, da ke Garwa kan fanshon marigayi mijinta. Ya cika wata 180 yana biyan kuɗin fansho kafin rasuwarsa, don haka rabin fanshonsa haƙƙin matarsa ne, in mata biyu ne su raba daidai. Sai ma'aikaciyar ta ce, cikin ladabi kuwa: "Hajiya, ina takardar aurenku ta ofishin magajin gari?" Gwaggo ta dube ni, ta ce, "Ɗana, ai a masallaci aka ɗaura, gaban liman da shaidu, har goro aka raba." Wallahi bakina ya mutu. 'Ya'ya ga su nan, jikoki ga su nan, amma doka takarda ta sani.

Tun da muka dawo nake lissafin matan unguwarmu da aurensu bai wuce na masallaci ba. Suna da yawa.