Godiya: sakamako ya fito, na ci aljabara

Alhamdulillahi Rabbil Alamina. Jiya bayan la'asar sakamako ya fito, na ci. Na daɗe zaune da waya a hannu ban kira kowa ba, hawaye kawai ke zuba. Kun san yadda wata huɗun nan suka kasance, daga ranar hatsarin har ranar da aka shigar da ni ɗakin jarrabawa ina dogara sanda, kun kuma san wannan ce damar ƙarshe da ta rage mini a kwas ɗin. Ba ni da ƙarfin sake bin labarin. Godiya na zo yi.

Yaya ya ce kada in ambace shi. Yaya, ka yi haƙuri, yau kam ba zan ji maganarka ba.

Saura kwana tara jarrabawa, ina kan gadon asibiti da littafi a cinya. Babin yanke-yanken mazurari gaba ɗaya an koyar da shi ne ina kwance. Abin da ake so shi ne a ba ka ikweshan mai kama da Ax² + Bxy + Cy² + Dx + Ey + F = 0, ka duba ka faɗi ko da'ira ce, ko elifs, ko farabola, ko haifabola. In na haddace da safe, kafin azahar ya zube. A daren nan na rufe littafin na ce wa Yaya na haƙura, a bar ni in ji da ƙafata. Bai ce mini uffan ba. Ya fita, can sai ga shi da tocilar da ya aro wurin maigadi.

Ya kashe fitilar ɗakin. Ya ce in lura, hasken tocila yana fita ne da siffar mazurari, bango kuma shi ne wuƙar da ke yanka shi. Ya haska bangon kai tsaye, da'ira ta fito. Ya ɗan karkata hannunsa, da'irar ta miƙe ta yi kamar ƙwai, ya ce ga elifs. Ya ci gaba da karkatawa sannu a hankali har gefe ɗaya na hasken ya yi daidai da shimfiɗar bango, sai bakin can ya ƙi rufewa, hasken ya tafi bai dawo ba. Farabola ke nan. Da ya ƙara, sai bakin ya wage sosai, ya ce wannan reshe ɗaya ne na haifabola, ɗayan yana can baya, da a ce akwai mazurari na biyu da tsininsa ya haɗu da na wannan. Daga ƙarshe ya matso da tocilar har ta kusa taɓa bango, da'irar ta tsuke ta koma ɗan ɗigo. Ya ce in riƙe wannan ma.

Sai da ya maimaita sau uku sannan ya kunna fitila ya buɗe littafin. Ya ce in dai babu xy a cikin ikweshan, lambobi biyu kawai zan fara dubawa, wadda ke gaban x² da wadda ke gaban y². In sun zo daidai, da'ira. In alamarsu ɗaya amma girmansu ya bambanta, elifs. In ɗaya na tarawa ɗaya na ɗebewa, haifabola. In kuwa ɗaya daga cikinsu babu ita sam, farabola. Ya rubuta mini 4x² + 9y² − 16x + 18y − 11 = 0. Na ga 4 da 9, na ce elifs. Ya ce in tabbatar. Na cike murabba'i, wato na tattara masu x cikin baka ɗaya, masu y ma cikin nasu bakan, hannuna na rawa, ya koma (x − 2)²/9 + (y + 1)²/4 = 1, cibiyarsa a (2, −1). Shi ne lissafi na farko da na kai ƙarshensa da kaina tun bayan hatsarin.

Sai daga baya Anti, matarsa, ta gaya mini cewa Yaya ya rabu da lissafi shekara goma sha huɗu. Dare uku ya yi yana zama da littafina bayan na yi barci, yana koyon babin daga farko don ya koya mini, da safe kuma ya wuce wurin aiki. Yaya, ban san da wane baki zan gode maka ba. Allah Ya biya ka da Aljanna Firdausi, Ya raya maka zuri'a, Ya ba ka masu tsaya maka yadda ka tsaya mini. Anti, ke ma Allah Ya saka miki, ke kika riƙe gida duk tsawon lokacin nan ba ki taɓa nuna gajiya ba.

Malamin da ke ɗaukar mu kwas ɗin, na gode. Ba dolenku ba ne ku amsa saƙon ɗaliba mai jinya, amma ba ku taɓa barin tambayata ta kwana ba. Ranar da xy = 1 ta ruɗa ni, don babu x² babu y², ku kuka nuna mini B² − 4AC: in ya gaza sifili elifs ne ko da'ira, in ya yi daidai da sifili farabola, in ya haura haifabola. A xy = 1 amsar 1 ce, wato haifabola ce da aka juya. Kuka ƙara da cewa wani masanin lissafi na Girkawa mai suna Apollonius ne ya raɗa sunayen nan uku, kimanin shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a harshen Girka elifs na nufin gazawa, haifabola na nufin wuce iyaka. Tun ranar ban sake rikita wanda ke ƙasa da sifili da wanda ke sama ba. Allah Ya ƙara muku ilimi mai amfani.

A ɗakin jarrabawa sau ɗaya gabana ya faɗi. Aka ba mu x² + y² − 6x + 4y + 13 = 0. Na rubuta da'ira har na juya shafi, sai hasken nan da ya tsuke a jikin bango ya faɗo mini a rai. Na dawo na cike murabba'i, na samu (x − 3)² + (y + 2)² = 0. Babu da'ira a nan, ɗigo ɗaya ne tak a (3, −2). Na ajiye biro na ɗan rufe ido kafin in iya ci gaba.

Inna, addu'arki ce. Na san dararen da ba ki runtsa ba, Allah Ya ba ki lafiya da nisan kwana, Ya ba ni ikon kyautata miki. 'Yan ajinmu biyu da suka riƙa ɗauko mini hoton allo kullum, ma'aikatan jinya da suka bar mu da littattafai bayan lokacin ziyara ya wuce, da baba maigadi mai tocila, Allah Ya yaye muku duk abin da ya dame ku. Akwai 'yan uwa na jini da na riƙa duban ƙofa ko za su shigo, har aka sallame ni ban gan su ba. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su. Abin ya yi mini ciwo, amma na yafe, kuma na sa su a addu'a.

Ku da kuka riƙa tambaya, kuna turo addu'a ba dare ba rana, wasunku ko fuskata ba ku taɓa gani ba, Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya ba marasa lafiyarku lafiya, Ya sa 'ya'yanku su ci tasu jarrabawar. Ƙafa tana warkewa, likita ya ce nan da mako shida zan ajiye sanda in Allah Ya yarda. Waɗanda ban amsa saƙonsu ba tukuna ku yi mini uzuri, zan bi su ɗaya bayan ɗaya in na ɗan huta.